Shekarar da Muka Ci Dankali Buhu Uku

Gidan da na tashi a Mandawari ba babba ba ne. In ka shigo soro ka bi wani ɗan lungu, sai tsakar gida, ɗakin Iya a hagu, na Umma a dama, madafa kuma a kusurwa an yi mata rumfar kwano. Iya ita ce kakarmu, mahaifiyar Baba. Mu biyu ne yara a lokacin, ni da ƙanena Nasiru. Da an idar da sallar magariba, Iya takan jawo kujerarta 'yar tsugunno zuwa bakin murhu, wai gwiwoyinta suna son ɗumi. Mu kuma sai mu jawo tabarma. Kafin a kira isha'i mun ci abinci, mun sha tatsuniya ɗaya, wata rana biyu in ta ga mun yi mata abin kirki.

Ina da shekara tara aka rufe masaƙar da Baba yake aiki. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Mun dai ga wata rana ya dawo da hantsi, ya jingine kekensa a soro, ya shige ɗaki. Daga nan abubuwa suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Burodin safe ne ya fara tafiya, nama ya bi shi, shinkafa ta koma ta ranar Juma'a, daga baya ita ma ta daina zuwa.

Ana cikin haka, bayan ɗaukewar damina, sai ga Kawu Idi, yayan Umma, ya zo daga ƙauyensu na wajen Kura. A bakin titi motar ta tsaya, don lungunmu ko baro da ƙyar yake shiga. Buhu uku aka shigo da su, cike da dankalin Hausa, ja da fari, ƙasar gona ba ta ma gama kakkaɓewa ba. Kawu ya ce da Baba, "Malam Sabo, bana Allah ya yi albarka a fadama, na ce bari yara su taɓa." Ya faɗa kamar wani abin wasa ya kawo. Baba ya yi godiya, ya sake godiya, amma idonsa na kan takalminsa. Ko a ƙuruciyata na gane akwai abin da ya yi masa nauyi. Mutumin da shekara goma shi ke aika wa surukai sukari da atamfa in azumi ya zo, yau shi ake kawo wa abin da zai ci.

Tun daga ranar Baba ya daina cin abinci a tsakar gida. Da sassafe zai hau keke ya tafi neman aiki, sai magariba ya dawo, ya shimfiɗa buzu a soro ya zauna shi kaɗai. Ni nake kai masa kwano, ni nake ɗauko shi, kuma kullum abin da ya ci bai kai rabi ba.

Umma kuwa sai ta ɗaura ɗamara da dankalin nan. Da farko dafa shi take yi da ɓawonsa, ta zuba ruwa daidai wuyansa da ɗan gishiri, in ya nuna mu ɓare da hannu muna hura yatsu, mu dangwali yajin ƙuli da ɗigon man gyaɗa. Da ta ga mun fara ture shi, sai ta koma fate. Ta fere, ta yanka ƙanana, ta soya albasa da attaruhu a ɗan manja, ta jefa daddawa, ta bar shi ya dahu har gefensa ya fara narkewa ya yi kauri, sannan ta watsa alayyahu ta sauke. In an samu kan busasshen kifi, ranar ƙamshin har lungu. Ranar da mai ya ɗan samu, ta yanka shi dogo-dogo, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta tsane a kwando, ta soya. Takan ce in ba a tsane shi sosai ba, mai zai sha ya yi laƙwas. Wani lokaci ta dafa farin, ta kirɓa shi a turmi da ɗan garin rogo har ya haɗe kamar sakwara, mu ci da miyar kuɓewa. Ƙananan da suka fara yaushi ba ta zubarwa, sai ta yanka su siri-siri ta shanya a kan rufin ɗaki, in sun bushe ta haɗa da ɗan gero ta yi mana kunun zaƙi ba ko ƙwayar sukari. Gashi kuwa aikin Iya ne. Ita ke tura masu matsakaicin girma cikin rushi bayan an sauke tukunya, ta rufe da toka, kafin ta kai ƙarshen tatsuniya sun yi, ɓawon ya ƙone, cikin kamar zuma.

Yanzu da nake faɗa, abin kamar daɗi. A lokacin ni ban ga daɗinsa ba. Akwai wata ƙawata a aji da take zuwa da dankalin Turawa da ƙwai a cikin 'yar kula, in ta buɗe kowa ya waiwayo. Ni kuma ina ɓoye dafaffen nawa a ƙasan jaka, sai na zagaya bayan aji nake ci.

Wata Talata, buhu na biyu ya kusa ƙarewa, Umma ta miƙo mini kwanon fate. Na buɗe, na rufe, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba.

"Yau ma dankali? Jiya dankali, shekaranjiya dankali! Mu ba za mu ƙara cin abincin mutane ba ke nan?"

Na jira mari, bai zo ba. Umma ta ajiye ludayi a hankali ta shige ɗaki. Da na je soro ɗauko kwanon Baba, na same shi a rufe yadda na kai shi. A gefen buzunsa kuma na ga jakar da yake tafiya da ita, an ɗaure bakinta. Da na dawo na ji Umma tana gaya wa Iya ƙasa-ƙasa cewa ya ce jibi zai bi wata motar kaya zuwa kudu, ko Allah zai sa ya samu abin yi a can, kuma bai san ranar dawowa ba.

Dole in faɗi wani abu game da Iya da Baba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin sun zauna suna hira ba. In tana son a gaya masa abu, sai ta ce, "Ku ce da na soro ruwa ya ƙare a randa." In ya zo gaishe ta da safe, ta amsa tana kallon wani wajen. Mu yara muna ɗauka ba ta damu da shi ba ne.

Washegari da magariba ta jawo kujerarta kamar kullum, sai dai ba ta ajiye ta a inda ta saba ba. Ta matsar da ita kusa da bakin lungun da ya fita soro. Ta tura dankali huɗu cikin rushi, ta ce in kai wa Baba kwanonsa in dawo. Umma na gefe tana wanke tukunya. Ni ina ta sunkuyar da kai saboda abin da na yi.

Iya tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Ta ce, "Ga wata baƙuwa nan ta iso bakin ƙofa."

Muka ce, "A shigo da ita mu gan ta."

Ta ce a wani gari ne can da nisa, rijiyarsu ɗaya tal, sai ta ƙafe. A shekarar kuma fara ta sauka ta cinye gero da dawa, ba abin da ya tsira sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mata sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su samo tulu ɗaya. Ana nan sai ga wani mai haƙa rijiya ya shigo garin da igiyarsa da digarsa. Ya zagaya, ya duba ƙasa, ya tsaya a ƙofar gidan wata mata mai suna Lami, ya ce in da ruwa a garin nan, to a nan yake. Mutanen gari suka ce to, amma wa zai ciyar da shi? Kowa ya kalli ɗan'uwansa. Lami ta ce ita za ta ciyar da shi. Ba ta da komai a rumbu sai dankali, amma ba ta faɗa ba.

Ranar farko ya haƙa tun safe har yamma, ta dafa masa, ya ci da yaji. Rana ta biyu ta ce a ranta, mutumin da ya yini a rami bai kamata ya fito ya ga abin da ya gani jiya ba, sai ta yi masa fate. Ta uku ta soya. Ta huɗu ta kirɓa a turmi. Iya tana faɗa tana kwaikwayon tashin taɓarya da hannu, Nasiru yana dariya.

Ya ce, "Iya, ai irin na Umma ne!"

Ta ce, "Kai, rufe mini baki, maigidan banza. Ni na san wata Umma? Lami nake faɗa."

Ta ci gaba. Rana ta biyar kunu, ta shida gashi. Rami yana ta zurfi, har in mai haƙa ya ɗaga kai sama sai ya ga bakin rijiyar kamar faifai. Amma ƙasar da ake jawowa a guga busasshiya ce ƙamas. Mutanen gari suka fara magana. Wasu suka ce bai iya ba, wasu suka ce ci kawai ya zo yi. Yana ji.

A nan na lura muryar Iya ta ƙaru. Ba mu take kallo ba, wutar take kallo, amma maganar da take yi ko wanda ke bakin lungu zai ji.

Ta ce rana ta bakwai, tun kafin gari ya waye, mai haƙa ya naɗe igiyarsa, ya saɓa digarsa, ya lallaɓa zai fita. Sai ya tarar da Lami zaune a bakin ramin tana fere dankali.

Ta ce, "Malam, ina zuwa?"

Ya ce, "Baiwar Allah, kwana shida ina cin abincinki, ban ba ki komai ba sai tulin ƙasa a ƙofar gida. Kuma kada ki ɗauka ban sani ba. Tun ranar farko na san abu ɗaya kike juya mini. Ni da nake yini cikin ƙasa, ba zan kasa gane abin da ya fito daga cikinta ba. Ba ki da komai, ni kuma na zo na ƙara miki nauyi. Gara in tafi inda ba a san ni ba."

Lami ta ce, "To, tunda ka sani, ni ma bari in gaya maka abin da na sani. Na san babu ruwa a gugan jiya, na san babu a na shekaranjiya. Ina gani. Ban taɓa kawo maka kwano ina leƙen guga ba. Ina dafawa ne don wanda ya shiga rami ya samu ƙarfin fitowa, gobe ya samu ƙarfin komawa. In ka tafi, ka bar mini rami a ƙofar gida, yarana su faɗa ciki. In ka tsaya, ko ba ruwa, akwai mai gadin ramin. Sannan kuma akwai na bakwai da na kwana ina tunaninsa. Wa zai ci?"

Iya ta ɗauki itace ta tona rushi. Tukunyar da Umma ke wankewa ta daɗe da tsayawa a hannunta.

Na ce, "Iya, sai ya tsaya?"

Ta ce, "Ya tsaya mana. Wane ne zai ji akwai na bakwai ya tafi bai ɗanɗana ba?"

Ta ce ya kwance igiya ya koma rami. Ruwa bai fito ranar ba, bai fito washegari ba. Sai da aka ƙara kwanaki, wata safiya gugan ya fito da ƙasa mai sanyi, da yamma ya fito da laka, kashegari mutanen da suka ce bai iya ba su ne a gaba da tuluna.

Sannan ta rufe da cewa, "Baƙuwa ta gaji, ta ce a sallame ta. Na raka ta ƙofa, ta tafi."

Nasiru ya ce, "Iya, ba ki faɗi na bakwai ɗin ba. Mene ne?"

Ta ce, "Wannan kuma ku tambayi uwarku. Ita ta san shi. Gobe za ku gani."

Ba ta rufe baki ba muka ji motsi a lungu. Baba ne, riƙe da kwanonsa, kuma babu komai a ciki. Ya tsaya kamar baƙo a gidansa. Sannan ya tako ya zauna a bakin tabarmarmu, abin da ya yi wata biyu bai yi ba. Ya miƙa wa Umma kwanon.

Ya ce, "In da saura, a ƙaro mini." Da ta karɓa, sai ya ƙara da cewa, "Sannunki da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri."

Umma ta ce, "Amin," ta juya da sauri ta shiga madafa, ta daɗe a ciki fiye da yadda zuba fate ke buƙata. Iya kuwa ta juya masa ƙeya, ta ciro dankali ɗaya daga toka, ta kakkaɓe, ta ba ni. Ta ce, "Ungo, miƙa wa wancan, kada ya ce an hana shi."

Washegari da yamma Umma ta goge ɗanyen dankali a magogi, ta matse ruwan, ta haɗa da albasa da attaruhu da ɗan fulawa, ta riƙa ɗiba da cokali tana sakawa a mai kamar ƙosai. Bayansa ƙarau-ƙarau, cikinsa laushi, ga zaƙi ga yaji. Har yau ban ci abin da ya kai shi ba. Na ci biyar, na ajiye biyu, da safe na tafi da su makaranta, na buɗe a tsakiyar aji. Ƙawar nan tawa mai dankalin Turawa ta ce in ɗan sam mata, na gutsura mata rabi, ta ce wa ya yi? Na ce Ummata, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Motar kudu ta tafi ba Baba. Aikin masaƙa bai dawo ba, amma shekarun da ya yi yana kula da injuna ba su tafi a banza ba. Ya fara bin telolin unguwa yana gyara musu keken ɗinki, yau ɗaya, gobe babu, jibi biyu. Sai da buhu na uku ya ƙare, muka ƙara wasu watanni masu wuya, kafin ya samu ɗan wuri wajen Ƙofar Kabuga inda ake kawo masa kekuna har daga Gwale. A sana'ar nan ya aurar da ni, a cikinta ya tsufa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan don ni aka yi ta, don in daina raina abinci. Da na yi aure na ga yadda namiji yake shiru in abu ya fi ƙarfinsa, sai na gane wa Iya ta matsar da kujera dominsa. Uwa ce da al'ada ta hana ta ce wa ɗanta kada ka tafi, sai ta nemo hanyar da za ta faɗa a gaban kowa ba tare da ta karya komai ba.

Sauran kuma sai bayan rasuwar Iya na ji shi. Na je gida wata rana na tarar da Umma tana fere dankali, na zauna ina taya ta, hira ta kai mu shekarar nan. Na tambaye ta a ina ta koyi wancan mai kamar ƙosai, ko a ƙauyensu ake yi.

Ta yi dariya har ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Wane ƙauye? Ai babu shi. Ranar da rana, kuna makaranta, Iya ta shigo madafa ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce, 'Yarinya, kala nawa ya rage miki?' Na ce, 'Iya, wallahi sun ƙare, ban san wani ba.' Ta ce to, ta tashi ta fita. Sai da magariba ina zaune na ji ta ce wai ku tambaye ni na bakwai."

Na ce, "To ya kika yi?"

Ta ce, "Ya zan yi? Na kwana ina juyi. Ta faɗa a kunnen ɗanta cewa ina da shi. Shekara goma ina gidan nan ba ta taɓa yaba mini a baki ba, ranar ta yi a gaban kowa. Mace kamar Iya ta tsaya miki haka, ai ko babu sai kin nemo."

Na dube ta, tsohuwa yanzu, yatsunta sun kanannaɗe amma ɓawon da take fitarwa siriri ne kamar takarda. Na yi karatu, na zauna da mutane iri-iri, an tambaye ni a wurare da yawa 'yar gidan wa ce ni. Nakan faɗi sunan Baba, kamar yadda aka saba. Amma a raina na san matan nan biyu ne suka riƙe gidanmu a shekarar da ya kusa watsewa, ɗaya da bakinta, ɗaya da tukunyarta, kuma babu wadda ta taɓa zuwa ta ce a gode mata.

Umma ta tura mini kwandon da ƙafa. Ta ce, "Kin tsaya kallona. Ɗauko magogi, yaranki sun kusa dawowa daga islamiyya."